Daga Tuƙa-Tuƙa Zuwa Rijiyar Mai: Yadda Ake Jawo Ɗanyen Mai Idan Ƙarfin Rijiya Ya Ragu



Abin da aka nemi in yi bayani a kai yau shi ne yadda ake jawo ɗanyen man fetur daga rijiyar da ƙarfinta ya ragu har man ya daina hawowa da kansa. Na san ba za a rasa mai cewa ina ruwan Zariya da wannan zance ba, tun da babu rijiyar mai ko ɗaya tsakanin Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan. Gaskiya ne babu, ba a kuma sa ran za a samu. Birnin Zazzau a kan tsohon dutse yake zaune, irin wanda ya leƙo waje a Kufena da Madarkaci, shi kuwa irin wannan dutse ba ya haifar da mai. Ana samun mai ne a wuraren da yashi da laka suka yi ta taruwa hawa-hawa cikin miliyoyin shekaru, suka binne ƙananan halittun ruwa, kamar yankin Neja Delta, da kwarin Binuwai da Gongola, da kewayen Tafkin Chadi. Rabon Zariya a harkar bai wuce bututun tataccen mai da aka shimfiɗa daga matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ya ratsa ta nan ya nufi Kano, da reshensa mai zuwa Gusau ba.

To amma na'urar da ake jawo man da ita tana nan cikin birni, a bakin masallatai da harabar makarantu, yara suna tuƙa ta kullum safiya. Famfon tuƙa-tuƙa nake nufi, wanda ake kafawa a kan rijiyar burtsatse. Shi da famfon rodi na rijiyar mai uwa ɗaya uba ɗaya suke, girma ne kawai ya bambanta su. Wanda ya fahimci abin da ke sa tuƙa-tuƙa aiki, da abin da ke kashe shi, ya fahimci rabin laccar nan tun kafin a fara.

Abin da ke hawo da mai

Mutane da yawa suna zaton akwai wani tafkin mai a ƙarƙashin ƙasa wanda ake zura bututu a ciki. Ba haka abin yake ba. Man yana maƙale ne cikin 'yan ƙananan ƙofofin dutsen yashi, kamar yadda man gyaɗa yake cikin tunkuza kafin mai ƙuli-ƙuli ta matse shi. Abin da ke fitar da shi matsi ne. Wani matsin daga iskar gas yake zuwa, wadda ta narke cikin man kamar iskar da ke cikin kwalbar lemo, wani daga gas ɗin da ya taru a saman man, wani kuma daga ruwan gishirin da ke ƙarƙashinsa yana tunkuɗo shi sama. Idan aka huda dutsen da ya rufe su, sai man ya sami hanya ya hawo. Wani lokaci da ƙarfin gaske yake hawowa. A Spindletop, cikin Jihar Texas ta Amurka, a watan Janairu na 1901, wata rijiya ta yi kwana tara tana feshin mai sama, kimanin ganga 100,000 kowace rana, kafin a shawo kanta. Ganga ɗaya lita 159 ce. Amma cikin 'yan shekaru kaɗan, da aka cika wurin da rijiyoyi, ƙarfin filin ya faɗi warwas.

Bari mu yi ɗan lissafi, domin a nan asirin maganar yake. Ruwan da ya tsaya cikin bututu tsawon mita 10 yana danna ƙasan bututun da wani matsi, mu kira shi awo ɗaya. Mai bai kai ruwa nauyi ba, saboda haka idan rijiya mai zurfin mita 2,000 ta cika da mai har baki, matsin da ke gindinta zai kai awo 170 ko kusa da haka. Muddin matsin da ke cikin dutsen ya zarce wannan, man zai yi ta zuba da kansa. Amma kowace ganga da aka ɗiba tana rage matsin. Ran da ya sauko zuwa awo 120, man zai hawo mita 1,400 kawai ya tsaya cik, saura mita 600 ya kai baki. Wanda ya buɗe kan rijiyar ba zai ga ko ɗigo ba, alhali kuwa mafi yawan man yana nan ƙasa. A duniya baki ɗaya, abin da ake iya fitarwa daga filin mai ba ya cika wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ke ciki ba, kuma kaso mai yawa na wannan ɗin ma sai da taimakon na'ura yake fitowa.

Mutanen birni sun san makamancin wannan. Da kaka ruwan rijiya yana kusa, da bazara sai ya yi nisa, sai an ƙara wa guga igiya. Ba a cewa rijiyar ta mutu don igiya ta gaza.

Dalilin saukar da famfo ƙasa

Wani zai tambaya, me zai hana a ajiye inji a bakin rijiya ya zuƙo man? Amsar tana wurin manoman rani na fadamar Galma. Injin ban-ruwa ba ya iya zuƙo ruwan da ya yi ƙasa da shi fiye da mita bakwai ko takwas, komai ƙarfinsa, shi ya sa za ka ga manomi ya haƙa rami ya saukar da injin ciki idan ruwa ya ja baya. Dalili kuwa shi ne, abin da muke kira zuƙa, nauyin iskar sararin sama ne ke tura ruwan cikin tiyo, nauyin nan kuwa ba ya iya ɗaga ruwa fiye da mita 10 ko da babu wata asara ko kaɗan. Saboda haka dole famfon ya sauka ya nutse cikin ruwan ko man, ya riƙa ɗago shi daga ƙasa. Ƙarfin da zai motsa shi kuwa yana sama, watau hannun yarinya a kan tuƙa-tuƙa, ko inji a kan rijiyar mai. Abin da ke haɗa na sama da na ƙasa shi ne rodi, sandunan ƙarfe da ake ɗaura wani a gindin wani har su isa wurin famfon.

Famfon kansa ba shi da wani sarƙaƙƙen gini. Silinda ce, da fistin a cikinta, da bawul guda biyu, ɗaya a gindin silinda wanda ba ya motsi, ɗaya a jikin fistin wanda ke hawa da sauka tare da shi. A rijiyar mai kowane bawul ƙwallon ƙarfe ne zaune a kan zobe. Idan rodi ya ja fistin sama, bawul ɗin fistin yana rufewa, sai ya ɗaga duk man da ke bisansa, a lokaci guda kuma bawul ɗin gindi ya buɗe sabon mai ya shigo silinda. Idan fistin ya sauko, na gindi ya rufe don kada man ya koma, na fistin ya buɗe, man ya ratsa ya hau kansa. Shi ke nan. Haka yake a tuƙa-tuƙa samfurin India Mark II, wanda Gwamnatin Indiya da UNICEF suka ƙirƙiro cikin shekarun 1970 ya kuma bazu a ƙauyukanmu. Rodinsa mita uku-uku ne, ana iya saukar da shi har mita 50, kowace tuƙa kuma ba ta kawo rabin lita, shi ya sa sai an tuƙa sau hamsin ko fiye kafin jarka mai lita 20 ta cika.

Dangantakar nan tun asali ce. Rijiyar da aka saba ƙidaya a matsayin mafarin sana'ar man fetur ta zamani ita ce wadda Edwin Drake ya haƙa a Titusville, Jihar Pennsylvania, ta kai ga mai ran 27 ga Agusta, 1859. Zurfinta ƙafa 69 da rabi, watau mita 21, burtsatse da yawa a Zariya sun fi ta zurfi. Man bai yi feshi ba, da famfon ruwa na hannu aka fara ɗebo shi. Wanda ya yi aikin haƙar kuwa, William Smith, maƙeri ne.

Nauyin da rodi ke ɗauka

Bambancin girman nan da na ambata ba ƙarami ba ne. Rodin rijiyar mai ƙafa 25 ne tsawon kowane sanda. Mu ɗauki mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, wanda kowace mita ɗinsa ta kusa kilo biyu da rabi. Idan an saukar da famfo mita 1,500, nauyin rodin kaɗai ya haura tan uku da rabi. Man da fistin mai faɗin inci ɗaya da kashi uku cikin huɗu zai ɗago daga wannan zurfi ya kai tan biyu. Ke nan a hawa injin yana jan abin da ya kusa tan shida, a sauka kuwa rodin ne ke jan injin ƙasa da nauyin kansa. Injin da ke shan irin wannan fizga ba ya daɗewa. Maganin da aka samu shi ne a rataya manyan ƙarafa masu nauyi a ɗaya ɓangaren, daidai da nauyin rodi da rabin nauyin mai, don injin ya yi aiki kusan iri ɗaya a hawa da sauka. Walter Trout na kamfanin Lufkin a Texas shi ne ya tsara wannan siffa a 1925, ita ce kuma wadda kuke gani a hotuna, doguwar sanda bisa ƙafafu, da kai kamar na doki, tana sunkuyawa tana ɗagowa. A tuƙa-tuƙa ma dogon hannun nan mai nauyi ba don ado aka yi shi ba, aikinsa ke nan.

Idan fistin yana tafiyar mita biyu, yana kuma bugawa sau takwas a minti, lissafi ya ba da ganga 225 a rana. A aikace ba a samun haka. Rodi mai wannan tsawo yana miƙewa kamar roba idan nauyi ya hau shi, sai tafiyar fistin a ƙasa ta gaza ta sama, ga kuma ɗan yoyo ta gefen fistin. Wanda ya sami ganga 180 ya gode Allah. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yawan bugun. Sau takwas a minti ya zama sau 11,520 a rana, fiye da miliyan huɗu a shekara. Duk wanda ya taɓa karya waya ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya ya san abin da zai sami ƙarfen da aka ja aka saki sau miliyan huɗu, balle idan akwai ɗan tabo ko tsatsa a jikinsa. Daga tabon nan tsaga ke farawa. Shi ya sa a wurin aikin da aka san abin da ake yi ba a jefar da rodi ƙasa, ba a kuma dukansa da guduma.

Cututtukan famfo ba su da yawa, amma kowace tana da tsada. Yashi yana cinye fistin da bawul. Gas yana shiga silinda ya cika ta, sai fistin ya yi ta matsa iska yana saki, bawul ya ƙi buɗewa, injin yana ta sunkuyo a banza. Wani man yana da kaki a cikinsa, idan ya hawo ya huce sai ya daskare a jikin bututu ya toshe hanya. Wadda ta fi yawa kuwa ita ce gaggawa, watau a riƙa jan mai fiye da yadda dutsen ke iya zubo shi. Silinda ba ta cika ba, fistin ya sauko cikin fanko ya daki man da ƙarfi, girgizar ta bi rodi har sama. Daidai yake da burtsatsen da aka yi wa layi da bazara, ruwa ya ƙare ana ta tuƙa iska, hannun famfo yana bugawa. Maganinsa haƙuri ne, a rage gudun injin ko a tsayar da shi na wasu sa'o'i rijiyar ta taru. Tun da ba mai iya leƙa mita 1,500, ana gane halin famfo ne daga zanen da wata na'ura ke yi na nauyin da ke kan rodi a hawa da sauka. Cikin shekarun 1960 Sam Gibbs ya fitar da lissafin da ke fassara wannan zane na sama ya nuna abin da ke faruwa a ƙasa, yanzu kuwa ƙaramar kwamfuta a gindin rijiya ke yin lissafin, ta kashe injin da kanta idan mai ya ja baya.

Gyara, inda gizo ke saƙa

A nan nake so ma'aikatan gwamnati su ba ni hankalinsu. Tun zamanin hukumar DFRRI, wadda aka kafa a 1986, ake ta haƙa burtsatse a ƙasar nan ana ɗora musu tuƙa-tuƙa, kowa kuma ya ga yadda da yawansu suka ƙare, yara suna lilo a kan hannun famfo. Ƙididdigar da aka yi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ta nuna fiye da ɗaya cikin biyar na irin waɗannan famfuna ba ya aiki. Sau da yawa ruwan yana nan, abin da ya lalace 'yar roba ce a jikin fistin, ko bututun ƙarfe da tsatsa ta huda. Kuɗin robar ba wani abu ba ne. Wahalar ita ce, a samfurin India Mark II silinda ta fi bututu faɗi, saboda haka kafin a kai ga robar sai an zaro bututun duka, da kayan aiki masu nauyi da ƙarti da makaniken da ya san aikin. Wannan ne ya sa aka ƙirƙiro samfurin Afridev cikin shekarun 1980, wanda ake zaro fistinsa da bawul ɗin gindi ta cikin bututu, ba tare da an taɓa bututun ba, har mutanen unguwa su iya yi da kansu.

Wannan zaɓi ɗin shi ne a gaban injiniyan mai. Akwai famfon da silindarsa ke ɗaure da bututu, yana ba da mai da yawa amma gyaran silindar sai an zaro bututu. Akwai kuma wanda ake zura shi dungurungum cikin bututu, ya fito tare da rodi. A ganina, wanda ya zaɓi na farko don kwaɗayin ƙarin ganga, a wurin da motar zaro bututu sai ta yi kwanaki a hanya, bai yi lissafi ba. Duk ranar da rijiya ta kwana a tsaye asara ce, rijiyar da ke ba da ganga goma a rana kuwa gyara biyu ko uku a shekara sun isa su cinye ribarta.

Kada ganga goma ta ba ku dariya. A Amurka kimanin kashi uku cikin huɗu na rijiyoyin mai da gas ba sa ba da fiye da kwatankwacin ganga 15 a rana. Abin da suke bayarwa gaba ɗaya bai kai kashi 10 cikin 100 na man ƙasar ba, amma dubban ƙananan kamfanoni da makanikai da masu gonaki suna ci daga gare su. Rijiyar McClintock da aka haƙa a Pennsylvania a 1861 ta haura shekara 150 ana jan mai daga cikinta. Irin waɗannan rijiyoyi farashi ne ke kashe su kafin mai ya ƙare. Da farashi ya karye a 1986, an rufe da yawa daga cikinsu, wadda aka toshe da siminti kuwa da wuya a sake buɗe ta.

Halin da muke ciki a nan

A Neja Delta ba a cika ganin famfon rodi ba, da dalili. Rijiyoyin can da yawa suna cikin fadama ko teku inda babu filin kafa shi, suna ba da dubban ganguna, da yawansu a karkace aka haƙa su yadda rodi zai yi ta gugar bututu, ga kuma gas mai yawa. Saboda haka an fi tura gas cikin rijiya ya cuɗu da man ya rage masa nauyi, ko a saukar da famfon lantarki. Amma tsufan rijiya mun riga mun gan shi. Oloibiri, a Jihar Bayelsa ta yanzu, inda Shell-BP ta sami mai a 1956 aka fara fitar da ganga 5,100 a rana a 1958, ta daina aiki a 1978. Shekara ashirin ke nan kacal. Manyan kamfanoni ba sa tsayawa kan ƙaramin fili, shi ya sa Gwamnatin Tarayya ta raba irin waɗannan filaye 24 ga kamfanonin 'yan ƙasa a 2003, ta kuma sake fitar da 57 a 2020.

Man da ya fi kusa da mu kuwa a tudu yake. A Jamhuriyar Nijar, filin Agadem ya fara ciyar da matatar da ke kusa da Damagaram a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, a 2024 kuma aka fara tura mai ta bututu zuwa gaɓar teku a Benin. A gida, kamfanin NNPC ya ba da sanarwar samun mai a rijiyar Kolmani ta biyu, kan iyakar Bauchi da Gombe, a 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin a watan Nuwamba na 2022, a 2023 kuma aka fara haƙa a Obi ta Jihar Nasarawa. Filaye irin waɗannan, a busasshiyar ƙasa, nesa da teku, su ne inda famfon rodi ke da amfani idan ƙuruciyar rijiya ta wuce, domin ba ya bukatar injin matsa gas, ƙaramin inji ya ishe shi, kuma makaniken da ya iya giya da bel da boris zai iya koyon kula da na'urar da ke sama cikin 'yan watanni. Ɗalibanmu na sashen kimiyyar ƙasa da na injiniya sun fi sha'awar nemo mai da haƙa shi, abin da ake gamawa cikin 'yan shekaru. Jan man kuwa aikin shekara ashirin ne ko talatin, shi ne kuma zai ɗauki ma'aikata mafi yawa daga cikin 'yan ƙasa.

Saura magana ɗaya, wadda ta shafi ruwan sha. Tsohuwar rijiya tana kawo ruwan gishiri tare da mai, sau da yawa ma ruwan ya fi man yawa nesa ba kusa ba. Idan aka zubar da shi a fili yana kashe gona, yana kuma tsiyaya cikin ruwan da jama'a ke sha, don haka sai an mayar da shi ƙasa ta wata rijiya mai zurfi. Ran da aka daina jan mai kuma, dole a zaro rodi da bututu a toshe ramin da siminti hawa-hawa, musamman daidai inda ya ratsa ruwan sha. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta wajabta wa kamfani ya buɗe asusu na musamman ya riƙa tara kuɗin wannan aiki tun yana samun riba. Jami'in da aka ɗora wa sa ido a kan rijiyoyin Gongola ko na Binuwai, ya kamata ya riƙa neman shaidar abin da ke cikin asusun nan kowace shekara, ya kuma auna gishirin burtsatsen ƙauyukan da ke kewaye tun kafin a ja gangar farko, don a sami abin da za a kwatanta da shi daga baya.